Tomie Mai Karnuka a Zangon Bakin Tafki

Duk wanda ya taɓa sauka a zangon bakin tafkin nan na gabashin tsibirin Hokkaido, can arewacin ƙasarmu, a 'yan shekarun baya ya san Iwabuchi Tomie, kuma ban taɓa jin wanda ya ce yana sonta ba. Ni ma ban so ta ba. Gara in faɗi haka tun yanzu, kada a ɗauka ƙawarta ce ke ba da labari.

Ni da maigidana Shibasaki muna cikin tsofaffin da ke gudun zafin kudu. Da ya ajiye tuƙin bas sai muka sayi tirelar kwana, ɗan ɗaki mai taya da muke ja da mota. Zafi na kamawa sai mu hau jirgin ruwa mu yi arewa, ba mu dawowa sai ganye ya fara ja. Irinmu suna da yawa a zangon, tsofaffin malaman makaranta, masu shagunan da suka rufe, wani ma tsohon mai aski. Filin na gunduma ne, amma kowa ya san wurinsa. Da yamma a jera kujeru, a gasa kifi, a yi ta hirar hawan jini da jikoki.

Ranar da Tomie ta fara zuwa, da tsakar rana ta shigo, cikin wata tsohuwar a-kori-kura da tsatsa ta ci, tana jan tirelar da ta girmi motar. Gajeriyar mace ce mai kafaɗu irin na maza, da takalmin roba har gwiwa irin na masu shanu. Ba ta gaida kowa ba. Ta zaga filin, ta yi baya-baya da tirelar, ta cusa ta gindin babban itacen da ke ƙarshen fili ba tare da ta ko leƙo ta taga ba. Maigidana da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan sitiyari ya ce ƙasa-ƙasa, "Wannan ta iya."

Sai dai gindin itacen nan wurin Numajiri ne.

Numajiri tsohon shugaban sashe ne a wani kamfanin inshora a birnin Nagoya. Ya bar aiki, amma bai bar shugabanci ba. Shi ke cewa wane zai share wurin wanke-wanke, shi ke cewa a kashe janareta, alhali ba wanda ya naɗa shi. Ranar ya kai tirelarsa gyara cikin gari, ya bar kujera da bokiti don su kama masa wuri. Tomie ta kwashe su ta ajiye a bakin hanya.

Da ya dawo ya gani, sai ya gyara hularsa, ya je ya ƙwanƙwasa mata.

"Malama, sannu da zuwa. Ina jin ba ki sani ba, nan wurina ne."

"Ka saya?"

"Shekara da shekaru a nan nake sauka. Tambayi kowa."

"To bana ka huta."

"Haba Malama, ai akwai tsari a nan."

"Tsarin wa? Naka?"

Ta buɗe ƙofar gaba ɗaya, karnuka uku suka diro. Numajiri ya yi baya har ya taka bokitinsa.

Babban cikinsu Tetsu, baƙi ne mai yagaggen kunne. Sai Azuki, jar karya siririya mai idon ɓarayi. Sai Donburi, gajere mai tumbi, wanda ke haushin komai, har da inuwarsa. Duk karnukan farauta ne da masu su suka zubar a kan duwatsu bayan sun tsufa ko sun ji ciwo. A gefen titi ta tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Daga ranar aka shiga yaƙi. Numajiri ya kawo tirelarsa ya manna ta jikin tata, ya dinga kunna rediyo tun safe. Ita kuma ta ɗaure Tetsu da sarƙar da ke ƙarewa daidai bakin matakalarsa, ta yadda duk fitar da zai yi sai ya bi ta gefe kamar kaguwa. In ya ce haushi ya hana shi barci, sai ta ce, "Ranka ya daɗe, ai minsharinka suke amsawa." Wata safiya ya kwaso kashin kare a shebur ya kawo mata har ƙofa.

"Wannan fa? Na waye?"

Ta duƙa ta duba da kyau. "Tambayi kashin mana, Shugaba. Ai kai kowa ke ba amsa."

Mutane suka yi dariya a ɓoye, don Numajiri ya daɗe da ginsar mu. Amma kada a ce Tomie ce mai gaskiya. Na taɓa barbaɗa wa wani babban kifi da ake kira samon gishiri na rataye shi a inuwa, ina ta lissafin ranar da za mu ci. Azuki ta tsinke igiya ta lamushe shi tas. Na je wurin uwarɗakinta raina a ɓace.

"Karyarki ta cinye mini kifi."

"A ina kika rataye shi?"

"A jikin rumfata."

"Ƙasa-ƙasa kenan. To matar direba, ke kika koya mata sata."

Ba haƙuri, ba komai. Ta juya ta ci gaba da cire wa Donburi kaska. Tun daga nan ba ta sake kirana da wani suna ba sai matar direba, ko da yake ta san sunana Fumiyo.

Abin da ba zan hana mata ba shi ne kula da karnukan. Sai ta dafa musu shinkafa da kan kifi sun ci kafin ta ɗora tata miyar. Kullum da sassafe za ka hango su huɗu a bakin ruwa cikin hazo, tana tafiya tana ɗan ɗingishi, tana yi musu magana da wata murya mai laushi da ba ta taɓa yi wa ɗan Adam magana da ita ba. In ruwa ya sauko sai ta shigar da su ɗaki, ita ta zauna a kan akwati don sun cinye gadon.

A shekararta ta uku a zangon abin ya lalace. Wata rana da hantsi muka ji ihu daga bakin tafki. Tetsu ya haɗiyi guntun kifi da wani ya yar, ashe da ƙugiyar fatsa a ciki, ta maƙale masa can cikin maƙogwaro. Jini na zuba, yana ta kakari. Motar Tomie kuwa ta ƙi tashi. Maigidana bai tsaya tambaya ba, ya kwance motarmu, muka ɗauke su zuwa wurin likitan dabbobi a gari.

A kan bencin jira ne na ji labarinta. Ba don ta yarda da ni ta faɗa ba, tsoro ne ya buɗe mata baki. Bango take kallo tana magana.

A garin masu haƙar kwal aka haife ta. Ciwon huhu ya kashe ubanta tun tana ƙarama, ramin ma aka rufe, garin ya watse. Tana da shekara ashirin da 'yan kai ta auri Iwabuchi Masaji, mai shanun madara. Kusan shekara arba'in tana tashi tatsa kafin gari ya waye, ko dusar ƙanƙara ta kai ƙugu. Ta ce mutumin bai taɓa dukanta ba, bai kuma taɓa zama ya yi hira da ita ba. In yana son abu da haɓa yake nunawa. Abokin hirarta a gidan wani kare ne, Maru, wanda ke binta rumfar shanu ya kwanta kusa da ƙafarta.

"Sai aka kwantar da ni asibiti, aka yi mini aiki a kwatangwalo," in ji ta. "Da na dawo na yi ta kira, ba Maru. Masaji yana cin abinci na tambaye shi. Bai ko ajiye kwano ba. Ya ce ya tsufa, yana fitsari a bakin ƙofa, ya kai shi ofishin da ake kashe karnuka."

"Me kika ce masa?"

"Me zan ce? Na ƙara masa shinkafa."

Ta jira har ƙafarta ta iya taka kuloci. Wani maƙwabci yana da tsohuwar tirela da yake zuba kayan aiki a ciki, ta karɓa ta wanke. Wata safiya bayan ta gama tatsa ta ɗaura ta a motar gona ta fita. Tun daga nan take bin zango-zango, arewa lokacin zafi, kudu lokacin sanyi. In aljihu ya yi sauƙi sai ta tsaya ta yi aikin tonon dankali ko tsinkar lemo na ɗan lokaci.

Na buɗe baki zan ce mata sannu, sai ta juyo ta harare ni. "In na ji wannan maganar a bakin wani, ke ce."

Tetsu ya rayu. Muka dawo da shi da yamma, wuyansa a naɗe. Lokacin an jera kujeru, Numajiri na tsakiya yana juya kifi a kan wuta. Tomie ta kwantar da karen, ta nufo su kai tsaye.

"Kai ne."

"Ni ne me?"

"Kai ka sa masa ƙugiya a kifi."

"Kin haukace ne? Kowa a nan yana fatsa!"

"Kowa yana fatsa, amma kai kaɗai ka ce sai ka ga bayansu. Ƙarya na yi? Tsohon banza, ka kasa da mace ka koma kan kare."

"Kul! Ki iya bakinki. Ni sa'anki ne?"

Gaskiyar magana, har yau ba wanda ya san ƙugiyar waye. Numajiri ya sha faɗin cewa zai ga bayan karnukan, amma ni ban ɗauka zai iya aikata haka ba. Tomie ba ta tsaya neman shaida ba. Ta wuce jikin tirelarsa inda ya jingina sandunan fatsarsa, waɗanda yake gogewa kullum kamar 'ya'yansa, ta tattara su ta taka har ƙarshen gadar katako, ta wurga su cikin tafki. Muna kallo suka nutse.

Numajiri bai yi ihu ba. Fuskarsa ta yi fari, ya ajiye abin juya kifi ya shige ɗakinsa. Washegari na gan shi tsugune a gefen motarta lokacin da ta fita da karnuka, ya sa tabarau yana karanta wani abu. A jikin ƙofar akwai tsohon rubutu da fenti ya kusa gogewa, sunan gonar Iwabuchi da lambar waya.

Bayan 'yan kwanaki wata mota mai tsabta ta shigo zangon da rana. Wani mutum mai kimanin shekara arba'in ya fito, ya zaga ya buɗe wa wani tsoho ƙofa. Tsohon dogo ne amma ya rame har rigarsa na lilo a jikinsa, yana dogara sanda. Numajiri ya tarbe su da sauri, yana ta rusunawa, ya nuna musu gindin itace.

Tomie na wanke kwanonin karnuka. Ta ɗago ta gan su, ta ci gaba da wanki.

"Tomie," in ji tsohon.

"Wa ya kira ka?"

"Mu tafi gida."

"An rasa mai dafa maka ne?"

Wanda ya tuƙo tsohon ya matso, ashe ɗansu ne. "Inna, don girman Allah ki saurara. Baba ba shi da lafiya. Likita ya ce abin ya yi nisa. Ni da aikin shanu, matata da yara, ba ma iyawa. Cikin dare ma sai an tashe shi an canja masa shimfiɗa."

Ta zubar da ruwan kwanon, ta miƙe tana goge hannu a wando. "Ai akwai ofishin da ake kai tsofaffin da suka fara fitsari a bakin ƙofa. Ubanka ya san hanya."

Matar mai aski ta rufe baki da hannu. Ɗan ya sunkuyar da kai har wuyansa ya yi ja.

Tsohon ya daɗe yana kallonta. Na rantse ba fushi na gani a fuskarsa ba, rashin fahimta ne tsagwaronsa.

"Kare ne fa, Tomie. Kare ne kawai."

"Na sani."

"Duk shekarun nan a kan kare?"

"Asibitin da nake akwai waya. Ka kira ka ce mini, ke, ga abin da zan yi? Ka bari in dawo in gan shi? Ko igiyarsa ba ka ajiye mini ba."

"Ban san za ki damu haka ba."

"Yo ai shi ne. Shekara arba'in muna ɗaki ɗaya, ba ka sani ba."

Tsohon ya waiwaya ya ga a-kori-kurar, sai ya nuna ta da haɓa. "Motar ma tawa ce."

Nan Numajiri ya samu ƙofa. "Kun ji ko? Kun ji da kunnenku! Motar sata take yawo da ita. Ni dama na faɗa, wannan matar..."

Tsohon ya juyo a hankali. "Kai kuma wane ne?"

"Ni ne Numajiri, ni na kira ku."

"To rufe mana baki. Da matata nake magana."

Ana cikin haka Tetsu ya taso daga ƙarƙashin tirela da naɗaɗɗen wuyansa, ya je yana shinshina ƙafar tsohon. Shi kuwa, irin na wanda ya saba da dabba, ya miƙa hannu ya fara sosa masa bayan kunne ba tare da ya ma lura ba. Karen ya lumshe ido.

"Ɗauke hannunka daga kansa!"

Yadda ta daka tsawar sai da ni ma na razana. Tsohon ya janye hannun. Ta kama sarƙar ta ja Tetsu ta tura shi ɗaki, ta shiga ta rufe ƙofa, muka ji ta sa sakata.

Ɗan ya ƙwanƙwasa, ya kira Inna har muryarsa ta dushe. Ba ta buɗe ba. Daga ƙarshe ya ajiye wata leda a kan matakala, cuku ne da man shanu na gonarsu, ya kama uban ya mayar da shi mota. Tsohon bai sake waiwayowa ba. Suna fita ta buɗe ƙofa, ta ɗauki ledar, ta yanka cukun ta raba wa karnuka a gaban kowa.

Da yamma mai kula da zango ya zo, yana ta sosa ƙeya. Ya ce maganar sandunan fatsa ta kai ofis, dole ta tashi. Ba ta yi musu ba. Maigidana ya riga ya gyara mata motar, batir ne ya mutu. Ta naɗe rumfa, ta loda kwanoni, ta ɗaura tirela. Da za ta fita sai ta tsaya daidai kujerar Numajiri ta sauke gilashi.

"Ga itacenka nan, Shugaba. A binne ka a gindinsa."

Numajiri ya koma wurinsa a daren. Amma kujerun yamma suka fara raguwa a gefensa. Ba don mutane sun goyi bayan Tomie ba, da yawa sun ce abin da ta faɗa wa mara lafiya bai kamata ya fito daga bakin mutum ba, ni ma haka na gani. Sai dai kowa a zangon nan yana da abin da ya baro a gida, kuma ba wanda ke son zama kusa da mai kiran waya. Shekarar da ta biyo baya ya zo ya yi sati biyu ya tafi. Ba mu sake ganinsa ba.

Tomie kuwa sai bayan shekara biyu muka ci karo da ita, da sanyi, a wata tashar hutawa ta gefen titi a tsibirin Shikoku, can kudu. Haushin Donburi na fara ganewa. Ta ƙara tsufa, ɗingishin ya ƙaru. Tetsu ya mutu, ta ce ta binne shi a wani bakin teku da ba za ta faɗa mini ba. A madadinsa akwai wasu biyu, ɗaya ba ido ɗaya.

"Matar direba. Ashe ba ki mutu ba."

"Ke ma haka. Ya jikin maigidanki?"

"Ya tafi tun bara."

"Kin je jana'izar?"

"Na je."

"Kin shiga?"

"Ba a shiga da kare." Ta ce a bakin titi ta tsaya da mota, ta ga an fito da shi, ta ga jikokinta sun yi tsawo. Ɗan ya hango ta ya taho da gudu cikin baƙaƙen kayan makoki, ya ce ta dawo, ya gyara mata ɗaki, har da karnukan. Ta ce masa za ta yi tunani, ta tada mota.

"To kin yi tunanin?"

"Ina ruwanki?"

"Ranar da kika kasa tuƙi fa?"

"Ranar ki zo ki yi dariya. Zan aiko miki."

Mun kwana a tashar, tirelarmu nesa da tata. Da safe na hango ta tsugune a gaban tirela tana fama da hannun ƙarfen da ake juyawa a sauke ta kan mota. Yatsunta sun kumbura, ba sa rufuwa. Ta gwada da hannu biyu, ta gwada da gwiwar hannu. Ta daɗe a haka kafin ta miƙe ta kalli wajenmu.

"Kai direba! Kallo aka aiko ka?"

Maigidana ya ajiye shayinsa ya je. Yana juyawa tana tsaye a kansa.

"A hankali mana, ba bas ba ce. Hagu. Hagu na ce! Wa ya ba ka lasisi?"

Ya ɗaura, ya haɗa wayar fitila, ya duba sarƙa, ya ce mata tayar baya na son iska. Ta ce ta sani tun kafin a haife shi. Ta kira karnukan da suna suka shige gaba, huɗu a kujera ɗaya, ta hau da ƙyar tana riƙe ƙofa. Ta fita titi ba tare da ta sa sigina ba, wata babbar mota ta danna mata hon, ta fito da hannu ta taga ta yi wa direban daƙuwa, ta yi kudu.